Yadda ake lissafin makamashi da gudun foton na eksire, mataki bayan mataki

Tambaya guda ce ke ta dawo mini daga ƙannenmu na Aboabo, Asawase da Sabon Zango a Kumasi, musamman masu shirin zana Fiziks a WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, da 'yan ajin farko na koyon ɗaukar hoton asibiti: idan an ba ka boltej ɗin injin eksire, ta ina za ka fara har ka fitar da makamashin foton (ƙwayar haske guda), tsawon zangonsa da gudunsa? Wasu sun haddace fomula biyar, amma ba su san wadda ke gaba da wadda ke baya ba. Wasu kuma sun san hanya sarai, kalkuleta ce ke kayar da su. Zan ɗauki misali ɗaya, injin da aka saita a 80 kV, mu bi shi daga farko har ƙarshe. Ka ɗauko biro da takarda, ka riƙa danna kowane lissafi da hannunka, domin karatu da ido kaɗai ba ya zaunar da wannan darasi.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Abin da zai ci maka kuɗi ɗaya ne, kalkuletar kimiyya irin wadda ake yarda a shiga da ita jarrabawa. Casio fx-991ES Plus ita ce ta fi yawa a hannun ɗalibai, kuma ta wadatar. Farashinta yana bin dala, don haka ka taya a shago biyu ko uku tsakanin Adum da Kejetia kafin ka ciro kuɗi. Sauran kayan, littafin tsoffin tambayoyi da takardar gwaji, ana iya aro wajen wanda ya gama bara.

Hattara: jabu sun cika kasuwa, kuma kwalinsu ba ya tona su. Tun kana gaban mai shago ka danna 6.63 × 10⁻³⁴ sau 3.0 × 10⁸. Amsar ita ce 1.989 × 10⁻²⁵. Ka lura ko kowane maɓalli yana amsawa da dannawa ɗaya, ko kuwa sai ka matsa da ƙarfi. Maɓallin da ke cijewa a shago zai cije a ɗakin jarrabawa.

Sai lambobi huɗu da za ka rubuta a saman takardarka kafin komai:

c = 3.0 × 10⁸ m/s, gudun haske
h = 6.63 × 10⁻³⁴ Js, lambar Planck
e = 1.6 × 10⁻¹⁹ C, cajin elektiron
m = 9.11 × 10⁻³¹ kg, nauyin elektiron

Duk huɗun suna ajiye cikin fx-991ES Plus, a SHIFT 7: m a lamba 03, h a 06, e a 23, c a 28. Amma idan takardar tambaya ta ba da nata, misali h = 6.6 × 10⁻³⁴, to da nata za ka yi aiki, saboda da ita mai makin ya fitar da amsarsa.

Mataki na 2: Tantance wa ake tambaya a kansa

Nan ne rabin maki ke zubewa, tun ba a taɓa kalkuleta ba. Matafiya biyu ne a cikin kwalbar eksire. Na farko elektiron: yana tashi daga zazzafan filamen na katod, boltej ya fizge shi ya maka shi a jikin anod, wanda galibi da ƙarfen tangistin ake yin sa. Na biyu foton: ana haifar sa ne a daidai wurin da elektiron ya yi karo, ya fita ta tagar kwalbar ya nufi mai jinya.

Elektiron yana da nauyi, gudunsa kuma yana ƙaruwa idan an ƙara boltej. Foton ba shi da nauyi, gudunsa c ne ko da wane boltej aka haife shi. Foton ɗin injin likitan haƙori mai 60 ko 70 kV, da na injin CT mai 120 kV, da hasken fitilar wayarka, duk gudunsu ɗaya a sarari, kuma a cikin iska bambancin bai kai a kula da shi ba. Abin da ƙarin boltej ke ƙara wa foton shi ne makamashi.

Saboda haka ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da aka yi tambaya a kanta. Idan an ce gudun eksire ko gudun foton, rubuta 3.0 × 10⁸ m/s ka wuce, babu lissafi. Idan an ce gudun elektiron lokacin da ya isa anod, wannan aikin Mataki na 6 ne.

Hattara: kada ka taɓa sa ½mv² a kan foton. Wane m za ka sa? Duk wanda ya sa nauyin elektiron a wurin, gudun elektiron ya lissafa ya laƙaba wa foton.

Mataki na 3: Mayar da ma'auni gida

Fomulolin ba su san kilo ko nano ba. Kafin ka shigar da kowace lamba, mayar da ita ma'aunin asali: 80 kV ya zama 8.0 × 10⁴ V. 1 nm shi ne 10⁻⁹ m. 1 Å shi ne 10⁻¹⁰ m. 1 pm shi ne 10⁻¹² m. 200 mA ya zama 0.2 A. Sai eV, wanda shi ne makamashin da elektiron ɗaya ke samu idan ya ratsa 1 V, wato 1.6 × 10⁻¹⁹ J. Daga eV zuwa J ana ninkawa da wannan lamba, daga J zuwa eV ana rabawa da ita.

Hattara: kV boltej ne, keV makamashi ne. Ƙaramin "e" ɗin nan na tsakiya yana da maki.

Mataki na 4: Fitar da makamashi mafi girma

Elektiron da ya ratsa boltej V yana isa anod da makamashi eV, wanda a nan ke nufin cajinsa e sau boltej V. Iyakar abin da foton ɗaya zai iya samu shi ne elektiron ya juye masa wannan makamashi gaba ɗaya a karo guda. Don haka:

E = eV = 1.6 × 10⁻¹⁹ × 8.0 × 10⁴ = 1.28 × 10⁻¹⁴ J

A ma'aunin keV ba ka ma buƙatar kalkuleta: 80 kV yana ba da 80 keV, 120 kV yana ba da 120 keV. Don ka ga girman abin, foton ɗin koren haske mai tsawon zango 550 nm yana ɗauke da kimanin 2.25 eV kacal. Namu ya ninka shi fiye da sau 35,000. Ɓamɓare elektiron daga atam ɗin haidirojin 13.6 eV yake ci, ka ga ke nan koren haske bai isa ba, foton ɗin eksire kuwa ya isa ya yi wa dubban atam haka. Dalilin da ya sa ma'aikacin ɗakin hoto ke komawa bayan katanga mai dalma kafin ya danna ke nan, kuma ya tambayi mace ko tana da ciki.

Hattara: 80 keV rufi ne, ba kowane foton ke kai shi ba. Yawancinsu suna ƙasa da haka sosai, matsakaicinsu yakan faɗa tsakanin sulusi da rabin wannan lamba. Idan ka rubuta amsa, ka sa kalmar "mafi girma" a gefenta.

Mataki na 5: Firikwansi da tsawon zango

Firikwansi, f, shi ne sau nawa igiyar ke kaɗawa a sakan ɗaya. Daga E = hf:

f = E ÷ h = (1.28 × 10⁻¹⁴) ÷ (6.63 × 10⁻³⁴) = 1.93 × 10¹⁹ Hz

Daga c = fλ kuma, inda λ yake tsawon zango:

λ = c ÷ f = (3.0 × 10⁸) ÷ (1.93 × 10¹⁹) = 1.55 × 10⁻¹¹ m, wato 0.0155 nm

Tunda E ɗin da muka yi aiki da shi mafi girma ne, f ma mafi girma ne, λ kuwa mafi gajarta. Idan tsawon zango kaɗai aka tambaya, tafi kai tsaye da λ = hc ÷ eV, wadda ake kira dokar Duane da Hunt. Lambar nan da ka gwada a shago, 1.989 × 10⁻²⁵, ita ce hc, raba ta da 1.28 × 10⁻¹⁴ ka ga amsar ta fito daidai.

Yanzu ga tarkon da ya fi kowanne kama mutane. Na duba takardar wata ɗaliba, fomularta daidai, lambobin da ta shigar daidai, a layin ƙarshe sai ga f = 1.93 × 10⁻⁴⁹ Hz, har ta ja masa layi biyu. Abin da ya faru: ta danna 1.28 × 10⁻¹⁴ ÷ 6.63, sannan ×, sannan 10, sannan ta ɗora −34. Kalkuleta tana bin lissafi daga hagu zuwa dama, sai ta raba da 6.63 kaɗai, ta ninka sakamakon da 10⁻³⁴. Lambobin gaba, 1.93, sun fito daidai, shi ya sa hankalinta ya kwanta. Maganinsa biyu: ko ka yi amfani da maɓallin ×10ˣ da ke ƙasan kalkuleta, ko ka rufe duk abin da ke ƙasan layin rabawa cikin baka biyu. Ni na fi son baka biyun, domin a wasu sababbin kalkuleta shi kansa maɓallin ×10ˣ yana yin wannan halin. Gwada taka yau: danna 1 ÷ 2, maɓallin ×10ˣ, 3. Idan ta ba ka 5 × 10⁻⁴, lafiya. Idan ta ba ka 500, to baka biyu ya zama wajibi a gare ka kullum.

Wani ƙaramin abu: alamar ragi ta saman 10 da maɓallin (−) ake sa ta. Kuma kada ka yanke lambobi a tsakiyar hanya, bar su a Ans, sai a amsar ƙarshe ka rage zuwa lambobi biyu ko uku.

Akwai gajeriyar hanya ta duba kai: raba 1.24 da boltej a kV, amsar ita ce λ a nm. 1.24 ÷ 80 = 0.0155. A tambayoyin zaɓi wannan kaɗai ya isa. A tambayoyin rubutu ka nuna cikakken aiki, ka bar wannan a gefen takarda. Ka kuma riƙe cewa eksire yana zaune tsakanin 0.01 nm da 10 nm, firikwansi daga 3 × 10¹⁶ zuwa 3 × 10¹⁹ Hz. Amsar da ta yi nisa da wannan fili, koma ka duba.

Mataki na 6: Gudun elektiron

A matakin sakandare ana daidaita makamashin motsi da eV:

½mv² = eV, saboda haka v = √(2eV ÷ m)

v = √(2 × 1.28 × 10⁻¹⁴ ÷ (9.11 × 10⁻³¹)) = √(2.81 × 10¹⁶) = 1.68 × 10⁸ m/s

Hattara: mantuwa biyu ke faruwa a nan, barin 2 da barin √. Wanda ya bar √ zai ga 2.81 × 10¹⁶, gudun da ya ninka na haske kusan sau miliyan ɗari. Babu abu mai nauyi da ke kai c, balle ya wuce shi. Duk v da ya haura 3.0 × 10⁸, kuskure ne.

Wannan amsa ta 1.68 × 10⁸ ita mai makin WASSCE ke jira, amma ɗan jami'a ya san ta ɗan zarce gaskiya. Da zarar abu ya fara kusantar gudun haske, ½mv² tana daina aiki daidai, sai a koma ga lissafin Einstein. Ba shi da wuya yadda ake tsoronsa. Makamashin da ke ƙunshe cikin nauyin elektiron, mc², shi ne 511 keV. Matakai uku ne, kuma γ ita ce lambar gyaran Einstein:

γ = 1 + (80 ÷ 511) = 1.157
v ÷ c = √(1 − 1 ÷ γ²) = 0.502
v = 0.502 × 3.0 × 10⁸ = 1.51 × 10⁸ m/s

Wato elektiron yana isa anod da rabin gudun haske, kuma tsohuwar fomula ta yi ƙari da kusan kashi 11 cikin ɗari. A 20 kV ratar ba ta kai a damu ba, 8.38 × 10⁷ da 8.16 × 10⁷, kusan kashi 3. A 300 kV kuwa tsohuwar fomula tana ba da 3.25 × 10⁸, wanda ba zai yiwu ba, alhali ainihin gudun 2.33 × 10⁸ ne. Shawarata ga 'yan jami'ar KNUST: da boltej ya wuce 20 ko 30 kV, in dai malami bai ce a yi watsi da gyaran Einstein ba, ku bi ta γ.

Mataki na 7: Karant, yawan elektiron da zafi

In ka raka wani ɗaukar hoton ƙirji a Komfo Anokye ko wani asibiti, ka samu izini ka leƙa allon injin, lambobi biyu za ka gani ma'aikacin yana saitawa kafin ya ce a ja numfashi a riƙe: kV da mAs. Ka ɗauke su kamar kuɗi a aljihu: kV shi ke faɗin girman kowace takarda, ta sidi 5 ce ko ta sidi 200, mAs kuma shi ke faɗin takardu nawa ne. Ƙara mAs yana ƙara yawan foton, amma rufin makamashinsu da λ mafi gajarta suna nan inda suke. Ƙara kV yana ɗaga rufin, ya ƙara ikon ratsa jiki, kuma yawan foton ɗin ma yana ƙaruwa tare.

Mu ce an sa 200 mA na tsawon sakan 0.1. Cajin da ya wuce, Q = It = 0.2 × 0.1 = 0.02 C, shi ne 20 mAs ɗin da ke allo. Yawan elektiron, n = Q ÷ e = 0.02 ÷ (1.6 × 10⁻¹⁹) = 1.25 × 10¹⁷. Ƙarfin wutar da ke sauka a anod, P = VI = 8.0 × 10⁴ × 0.2 = 16,000 W, makamashin duka kuma 1,600 J. Daga ciki kimanin kashi 1 cikin ɗari ne ke zama eksire, kusan 16 J. Sauran 1,584 J zafi ne, a kan ɗan wuri ƙanƙane, cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa ake zaɓar tangistin, wanda ba ya narkewa sai a 3,422 °C, kuma a manyan injina ake sa anod ɗin yana juyawa.

Hattara: n yawan elektiron ne, kada ka kira shi yawan foton. Idan tambaya ta ba ka nata kason, misali kashi 0.5 cikin ɗari, yi aiki da shi.

Mataki na 8: Layukan ƙarfen anod

Wani lokaci za a nuna maka zane mai tudu, da wasu tsinaye biyu da suka yi sama a kansa. Gefen da tudun ya yanke shi ne λ mafi gajarta da muka lissafa, boltej ke motsa shi. Tsinayen kuwa na ƙarfen anod ne, ko an canja boltej suna nan a wurinsu. Suna fitowa ne idan elektiron mai gudu ya fitar da wani daga zagayen ciki na atam, na zagayen waje ya faɗo ya cike gurbin. Lissafinsu ragi ne kawai. A tangistin, zagayen K yana riƙe elektiron da 69.5 keV, ɗaya daga matakan L kuma da 10.2 keV. Bambancin, 59.3 keV, shi ne makamashin foton ɗin, λ kuma 1.24 ÷ 59.3 = 0.0209 nm.

Hattara: sai boltej ya haura 69.5 kV layukan K na tangistin ke bayyana. A 60 kV babu su, ko da 59.3 ya yi ƙasa da 60, domin sai an fara biyan kuɗin fitar da elektiron ɗin K tukuna. Injinan hoton mama da yawa suna aiki da molibdinam, mai layi a 17.5 keV, a boltej wajen 25 zuwa 32 kV.

Mataki na 9: Bayan foton ya fita

A hoton ƙirji ana yawan barin tazarar mita 1.8 tsakanin kwalba da faifan ɗaukar hoto. Lokacin tafiyar, t = 1.8 ÷ (3.0 × 10⁸) = 6 × 10⁻⁹ s. Da a ce hanyar Kumasi zuwa Akra zai bi, wajen kilomita 250, bai cika kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba.

Ana yawan rubuta cewa ƙashi yana rage wa eksire gudu, shi ya sa yake fitowa fari. Wannan amsa ba ta da maki. Ƙashi yana shanye foton da yawa fiye da tsoka, saboda kalsiyam da ke cikinsa da kuma yadda ya fi cunkushewa, sai kaɗan su isa faifai. Abin da ya ragu yawansu ne. Wanda ya tsira ya fito, da c yake fitowa. Hatta wanda ya yi karo da elektiron ya karkace, abin da ake kira warwatsuwar Compton, makamashi yake asara. Idan ya karkace da digiri 90, tsawon zangonsa yana ƙaruwa da 0.00243 nm. Namu zai tashi daga 0.0155 zuwa 0.0179 nm, wato daga 80 keV zuwa wajen 69 keV, gudunsa bai taɓu ba.

Ƙa'idoji biyu sun isa sauran tambayoyin. Idan tazara ta ninka biyu, ƙarfin hasken yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, idan ta ninka uku, ɗaya cikin tara. Idan kuma an ce kaurin alminiyam 3 mm yana rage hasken zuwa rabi, to 9 mm rabi sau uku ne: ½ × ½ × ½ = ⅛. Masu rubuta ⅙ sun tara ne a inda ya kamata su ninka.

Mataki na 10: Gwada kanka

Rufe amsoshin da hannu, ka yi waɗannan ukun da lambobin Mataki na 1.

Na ɗaya: inji yana aiki a 50 kV. Nemo makamashi mafi girma, firikwansi, λ mafi gajarta, gudun elektiron da ½mv², da gudun foton. Amsa: 8.0 × 10⁻¹⁵ J, 1.21 × 10¹⁹ Hz, 2.49 × 10⁻¹¹ m, 1.33 × 10⁸ m/s, 3.0 × 10⁸ m/s.

Na biyu: anod na tagulla yana fitar da layi mai λ = 0.154 nm. Nemo makamashinsa a J da keV. Amsa: 1.29 × 10⁻¹⁵ J, wajen 8.1 keV.

Na uku: wane boltej ne mafi ƙanƙanta da zai iya fitar da foton mai λ = 0.020 nm? Juya fomular ta zama V = hc ÷ eλ. Amsa: 6.2 × 10⁴ V, wato 62 kV. Idan ka samu wata lamba mai 10⁻¹⁷ a jikinta, e da λ ne ba ka rufe tare cikin baka biyu ba, koma Mataki na 5.